Ciwon Maƙogwaro Bayan Aikin Fiɗa: Kada a Kira Wanzami

A kakar da ta wuce, ana tsakiyar yankan dawa, ma'ajin wata ƙungiyar manoma cikin waɗanda na ke zagayawa ya faɗi a gona. Ya daɗe yana fama da ƙaba. Kullum ta fito sai ya kwanta ya mai da ita da hannu, yana cewa in an gama girbi zai je asibiti. Ran nan ta fito ta ƙi komawa. Ciki ya kumbura, amai ya biyo baya. Da magariba aka sa shi a bayan a-kori-kura aka kai shi asibiti, cikin daren nan kuma aka shiga da shi ɗakin fiɗa. Ashe hanji ne ya maƙale, amma Allah ya sa bai riga ya ruɓe ba.

Bayan kwana 2 na je gaishe shi. Ɗinki lafiya lau. Amma mutumin da ya saba karanta mana lissafin kuɗin taki da murya kamar ta mai shela, ranar sai na kai kunne kusa da bakinsa kafin in ji abin da ya ke faɗi. Haɗiyar yawu ma ta zama aiki. Wuya da kafaɗu da haƙarƙari duk suna ciwo, ya ce kamar wanda ya wuni yana huɗa da shanun da ba su horu ba.

A bakin ƙofa na tarar da danginsa sun rabu biyu. Waɗansu na cewa, ai a ciki aka yi aiki, me ya kai likita maƙogwaro? Lalle akwai abin da aka ɓoye musu. Gwaggonsa kuwa ta riga ta leƙa bakinsa da tocila, ta ga belu ya yi ja ya kumbura. Ta ce mini, "Malam, ku 'yan boko kome sai ku ce a jira. Belu ne ya sauko wa yaron nan. Da an sallame mu zan aika a kira wanzami, kafin abin ya shaƙe shi."

Na ce, "Mama, ki yi mini haƙuri zuwa gobe, in tambayo wanda ya sa shi barci."

Na sami malamin da ke ba da maganin barci a asibitin, ya zaunar da ni, ya ɗauko kayan aikinsa ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Daga baya na ƙara da karatu. Abin da na samo shi ne na kawo muku, domin babu ƙungiyar da za ta shekara ba a yi wa wani nata aiki ba, ko na ƙaba, ko na haihuwa, ko na maƙoƙo, ko na haɗarin mota.

Hanya biyu ce a wuya

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san bututu biyu ne ke sauka daga wuya. Na gaba mai tauri ne, yana da zobba na guringuntsi, shi ke kai iska huhu. Na bayansa mai laushi ne, shi ke kai abinci tumbi. Haka mutum ma ya ke. Muddin mutum yana farke, jikinsa na tsaron mararrabar nan ba da saninsa ba. In ya haɗiye tuwo, hanyar iska ta rufe. In wani abu ya kuskure ya nufi can, tari ya koro shi.

Barcin ɗakin fiɗa ya fi barcin dare nisa ƙwarai, har ya kan kwantar da masu tsaron nan duka. Harshe ya kan koma baya ya tare hanya. Numfashi ya kan yi rauni. Abin da ke cikin tumbi kuma yana iya tasowa ya gangara huhu, ba tarin da zai hana shi. Ruwan tumbi kuwa tsami gare shi mai ƙarfi, in ya shiga huhu ya kan ƙone shi, har ya kai ga rasa rai.

Saboda haka, bayan mutum ya yi barci, a kan buɗe bakinsa da wani ƙarfe mai lanƙwasa wanda ke da 'yar fitila, a ɗaga harshe, a zura bututun roba ta baki har cikin hanyar iska. Kaurinsa kamar na yatsa. Faɗin raminsa galibi milimita 7 ne ga mace, milimita 8 ga namiji. Kusa da ƙarshensa akwai 'yar balan-balan da a ke hura wa iska da sirinji, ta kumbura ta manne da bangon hanyar, ta yadda iska ba za ta tsere ba, amai kuma ba zai wuce ba. Ta wannan bututu mutum ke numfashi har a gama aiki. Kafin ya gama farkawa an zare shi, shi ya sa yawancin mutane ba su san an taɓa sa musu shi ba. Sai dai su tashi su ji maƙogwaro na zafi, su rasa dalili.

Ƙofar da ba ta son baƙo

A bakin hanyar iska, daidai inda ƙashin maƙogwaron namiji ya turo, akwai tantani guda biyu masu buɗewa da rufewa kamar ƙyauren ƙofa. Su ke ba mu murya in iska ta kaɗa su. Su ne kuma ke rufewa gam in ɗigon ruwa ya taɓa su, abin da mu ke cewa mutum ya ƙware. To, ƙofar da ɗigon ruwa ke sa ta rufe, yaya za ta yi da bututu mai kaurin yatsa? Ko mutum yana barci ta kan yi gardama. In aka tura bututu da ƙarfi tana motsi, sai a kuje ta.

Nan ne allurar sakin jiki ta shigo. Kowace tsoka a jiki ba ta motsi sai saƙo ya zo mata daga ƙwaƙwalwa ta jijiya. Maganin nan ya kan tsaya daidai inda jijiya ta haɗu da tsoka, ya tare saƙon. Sai muƙamuƙi ya saki, tantanin murya su buɗe su tsaya cik, bututu ya wuce ba tare da kokawa ba. Naman ciki ma ya yi laushi, likita ya sami damar aiki a kan hanji ba tare da ciki yana ture hannunsa ba.

Abu biyu ya kamata mu riƙe a nan. Na fari, allurar sakin jiki ba ta sa barci, ba ta kuma kashe zafi. Don haka sai an fara ba da maganin barci tukuna a yi ta. Na biyu, tsokokin da ke jawo numfashi su ma suna cikin waɗanda ta ke kwantarwa. Zuciya dai tana ci gaba da bugawa, gama ita tsokarta dabam ce, amma numfashi ya kan tsaya sarai. Tun daga lokacin har maganin ya sake shi, wani ne ke yi wa mutum numfashi, ko da inji, ko da wata jakar roba da a ke matsawa da hannu. Mutumin nan da ke zaune wajen kan majinyaci, wanda dangi ba su cika sanin fuskarsa ba balle su gode masa, ran majinyacin a hannunsa ya ke.

Daga dafin kibiya zuwa asibiti

Asalin maganin nan zai ba maharbanmu mamaki. Mutanen dazuzzukan kogin Amazon, a Amurka ta Kudu, sun daɗe suna dafa waɗansu itatuwa masu yaɗo su sami wani baƙin dafi da a ke kira kurare, su shafa a kan kibiya. Dabbar da aka harba sai jikinta ya saki, ta faɗi, numfashi ya tsaya. Naman kuwa a ci lafiya, domin dafin ba ya ratsa hanji ya shiga jini. Ya bambanta da dafin kwankwani na ƙasarmu, wanda shi zuciya ya ke tsayarwa.

Wani Bature mai yawon dazuzzuka, Charles Waterton, ya kawo dafin nan Ingila. A 1814, a birnin Landan, shi da waɗansu likitoci suka gwada shi a kan wata macen jaki. Cikin minti 10 ta kwanta kamar matacciya. Sai suka huda hanyar iskarta, suka sa zugazugi irin na maƙera, suka yi ta hura mata iska har awa 2. Ta ɗaga kai ta duba. Da suka daina, ta sake sulalewa. Suka koma zuga har waɗansu awa 2, sa'an nan ta miƙe tsaye. Dabbar nan ta ƙara shekara 25 a duniya, sai a 1839 ta mutu. Darasin da aka koya shi ne, dafin ba ya kisa in akwai mai hura wa huhu iska har ƙarfinsa ya wuce. A shekarun 1850 kuma wani masani na Faransa, Claude Bernard, ya gwada shi a kan kwaɗi, ya nuna cewa jijiya lafiyarta lau, tsoka ma lafiyarta lau, mahaɗarsu ce kaɗai dafin ke toshewa.

Duk da haka an daɗe ana tsoronsa. Sai ran 23 ga Janairu, 1942, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, Likita Harold Griffith da Likita Enid Johnson suka yi wa wani saurayi allurar tataccen kurare, aka yi masa aiki a ciki, ya tashi lafiya. Kafin wannan rana, in ana so naman ciki ya yi laushi, tilas a dulmuya mutum cikin barci mai zurfin gaske, wanda tsofaffi da raunana ba su cika jurewa ba. Daga nan sai aka raba aikin uku: magani ɗaya na barci, ɗaya na kashe zafi, ɗaya na sakin jiki, kowanne daidai gwargwado. Zugazugin maƙera kuma ya koma jakar roba da inji.

Maganin iri biyu ne

Yau ba a amfani da kurare na daji. Ana haɗa magungunan a masana'anta, kuma sun kasu gida biyu.

Na farko shi ne suksametoniyam, wanda ma'aikatan asibiti suka fi sani da Scoline. An fara amfani da shi a 1951. Sauri gare shi: kafin minti 1 ya kama, cikin minti 5 zuwa 10 kuma ya saki. Don haka a kan zaɓe shi in aikin gaggawa ne, mutum ya zo da abinci a ciki ko yana amai, ana so a rufe hanyar iska nan da nan kafin wani abu ya gangara huhu. Shi aka yi wa ma'ajinmu. Amma yana da hali guda: kafin ya saki tsoka, sai ya fara girgiza ta. Na ɗan lokaci kaɗan za a ga fuska da ƙirji da hannuwa suna rawa a ƙarƙashin fata. Mai barci bai san ana yi ba, sai washegari ya ji jiki ya yi tsami, musamman wuya da kafaɗu da haƙarƙari. Kusan rabin waɗanda aka yi wa allurar nan su kan ji wannan ciwo, ya fi kuma kama matasa da mata da waɗanda suka tashi yawo da wuri. Yara ƙanana da tsofaffi ba su cika jinsa ba. Da ya ke akwai tsokoki kewaye da maƙogwaro, tsaminsu ya kan haɗu da zafin bututu, abin ya zama biyu. Cikin kwana 2 ko 3 ya kan wuce, wani lokaci ya kai mako.

Gida na biyu su ne jikokin kurare, irin su atirakuriyam, da bekuroniyam, da rokuroniyam wanda ya fito a 1994. Su ba su girgiza tsoka, saboda haka ba su kawo tsamin jikin nan. Yawancinsu su kan ɗauki minti 2 ko 3 kafin su kama, su kuma riƙe mutum wajen rabin awa ko fi. In an gama aiki a kan yi wata allura, niyostigimin, ta taimaka a warware su. Akwai kuma sabuwa, sugamades, da aka fara amfani da ita a Turai a 2008, mai warware rokuroniyam da bekuroniyam cikin 'yan mintoci, sai dai tsada gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa suksametoniyam da atirakuriyam da niyostigimin cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Na farkon nan biyu a firiji a ke ajiye su, in sun daɗe cikin zafi ƙarfinsu ya kan ragu. Wannan na cikin dalilan da suka sa wutar lantarki a asibitin karkara ba abin wasa ba ce.

To, me ke kawo ciwon?

Fatar cikin maƙogwaro taushi gare ta kamar ta cikin kumatu. Ƙarfe ya taɓa ta, bututu ya goge ta, balan-balan ya danne ta awa guda ko biyu, iskar da a ke hurawa busasshiya ce, ga shi kuma mutum ya daɗe bai sha ruwa ba. Ba abin mamaki ba ne in ta yi ja ta kumbura. Bisa ga lissafin likitocin barci na Ingila, wajen mutum 2 cikin 5 da aka sa wa bututu su kan tashi da ciwon maƙogwaro. Akwai wata roba dabam mai kama da cokali, wadda ke zama a bisa ƙofar iska ba ta shiga ciki ba. Da ita, wajen mutum 1 ne cikin 5. Amma ita ba ta tare amai sosai, don haka ba ta dace da mai cikakken ciki ba.

Ciwon ya fi yawa ga mata, domin hanyar iskarsu ta fi ƙanƙanta. Ya kan ƙaru in bututu ya yi girma, ko aiki ya daɗe, ko aka sha wuya kafin bututu ya shiga, ko mutum mashayin taba ne, ko yana da mura. Haka kuma in an zura wata siririyar roba ta hanci zuwa tumbi don a zuƙe ruwa, kamar yadda a kan yi wa masu aikin hanji. Iskar balan-balan ma tana da ma'auni, kamar ta tayar keke: in ta yi kaɗan ta yi yoyo, in ta yi yawa ta hana jini gudu a fatar da ta danne. Akwai ɗan agogon da a ke auna ta da shi.

Wani zai ce, to, tun da allurar sakin jiki na tsai da numfashi, wata kuma na kawo tsamin jiki, me zai hana a bar ta? An gwada. A 2003 waɗansu likitoci a Jamus suka raba majinyata kashi biyu, suka sa wa kashi ɗaya bututu da atirakuriyam, ɗayan kuma ba tare da shi ba. Cikin waɗanda aka yi wa allurar, 16 bisa 100 ne muryarsu ta dishe. Cikin waɗanda ba a yi wa ba, 44 bisa 100. A 2017 kuma aka tattara gwaje-gwaje 34 da aka yi a wurare dabam dabam, aka ga magana ɗaya ce: in an bar allurar, sa bututu ya fi wuya, maƙogwaro kuma ya fi jin jiki. Watau allurar nan rage ɓarna ta ke yi. Ƙofar da aka buɗe a hankali ba ta lalacewa kamar wadda aka ɓalle.

Maganar belu

Belu yana rataye ne daidai kan hanyar da bututu ke bi. Wani lokaci bututu ya kan danne shi, ko robar da a ke zuƙe yawu da ita ta tsotse shi. Sai ya yi ja, ya kumbura, ya yi tsawo har ya taɓa harshe, wani lokaci ma bakinsa ya yi fari. Mutum ya ji kamar wani abu ya tsaya masa a wuya. Abin da gwaggo ta gani ke nan, idonta bai yi mata ƙarya ba. Amma kumburin da kansa ya ke saɓewa, cikin 'yan kwanaki, in ya daɗe mako 2.

Ba raina sana'ar kowa na ke yi ba, wanzamai iyayenmu ne kuma maƙwabtanmu. Amma ku dubi halin wanda ya fito daga ɗakin fiɗa. Ya riga ya zubar da jini. Jikinsa na fama ya haɗe wani rauni. In aka sa aska a naman da ya kumbura, jini ya kan zuba da yawa, yana kuma iya gangarawa huhu. Sabon rauni a baki zai hana shi cin abincin da zai warkar da ɗinkinsa. Askar da ba a dafa ba tana iya kawo ruɓa, da ciwon sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da ƙanjamau. Duk wannan a kan ciwon da zai tafi da kansa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da za a yi

1. Da zarar likita ya yarda a sha ruwa, a riƙa kurɓa kaɗan kaɗan, sau da yawa. Wanda aka yi wa aikin hanji kada a ba shi kome ta baki a ɓoye, ko yana roƙo, sai an ba da izini.

2. In an fara cin abinci, a fara da mai laushi da ɗumi: kunu, koko, romo, tuwo mai taushi da miyar kuɓewa. A dakata da yaji da ƙosai da ƙuli-ƙuli da abu mai zafi ƙwarai.

3. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda na ruwan da aka tafasa ya huce zuwa ɗumi. Majinyaci ya ɗaga kai ya kurkure har maƙogwaro, ya tofar, sau 3 ko 4 a yini. Ban da yara ƙanana.

4. Zuma cokali guda cikin ruwan ɗumi tana sanyaya maƙogwaro. Ba a ba jaririn da bai shekara ba.

5. Babban mutum na iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 2, bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. A fara tambayar nas, domin watakila yana cikin maganin da aka riga aka ba shi.

6. A huta da murya. Masu zuwa gaisuwa su yi ta a taƙaice. Raɗa ma tana gajiyar da tantanin murya, gara a yi magana kaɗan a hankali.

7. A nisanci taba da hayaƙin murhu da ƙurar sussuka.

8. Kada a sayi kafso a teburin kasuwa. Wannan ciwo na gugar fata ne, kafso ba ya yi masa kome.

Yawanci cikin kwana 2 ko 3 an sami sauƙi, kafin mako ya cika an manta.

Alamun da ba a jira da su

A kira nas nan take, ko a koma asibiti ko da tsakar dare ne, in numfashi ya yi wuya ko yana fita da ƙara, in mutum ya kasa haɗiye ko da yawunsa, in yana tarin jini, in wuya ya kumbura, in zazzaɓi ya taso, ko ƙirji na ciwo mai tsanani. Wanda aka yi wa aikin maƙoƙo a fi sa masa ido, domin jini na iya taruwa a ƙarƙashin ɗinki ya matse hanyar iska, jijiyar murya kuma kusa da wurin aikin ta ke. Haka nan in mako ya cika ciwo bai ragu ba, ko mako 2 murya ba ta dawo ba, a koma a duba. Ba kasafai ba, amma ya kan faru tantanin murya ya sami rauni da ke bukatar gwani.

Kafin a shiga ɗakin fiɗa

Rigakafi ya fi magani, rabinsa kuma a bakin majinyaci ya ke. In aikin shiri ne, a daina abinci awa 6 kafin lokaci. Kunu da fura da nono duk abinci ne. Ruwa zalla a kan bari har awa 2 kafin aiki, amma a bi abin da asibiti ya faɗa. In kuwa an ci wani abu, a faɗi gaskiya. Gara a ɗaga aiki da a ɓoye loma guda ta shiga huhu.

A gaya wa mai ba da maganin barci in akwai haƙori mai girgiɗi ko na roba, in ana da mura ko tari ko asma, in ana shan taba ko giya ko maganin gargajiya, in an taɓa babbar ƙuna ko shanyewar wani sashen jiki. Ga masu irin waɗannan biyu na ƙarshe, suksametoniyam na iya taɓa zuciya, sai a zaɓi wani. Fiye da kome, a faɗa in wani a dangi ya taɓa daɗewa bai farfaɗo ba bayan aiki, ko jikinsa ya yi zafi mai tsanani a ɗakin fiɗa, ko ya rasu can ba a san dalili ba. Akwai gidajen da jininsu ba ya narkar da suksametoniyam da sauri, maganin minti 5 ya riƙe su awoyi. Gadonsa a ke yi. In an sani tun da wuri, akwai wani magani a madadinsa. Wanda kuma muryarsa ce jarinsa, kamar malamin makaranta ko mai jan waƙa, ya faɗa, domin a kula wajen zaɓen bututu. Matambayi ba ya ɓata.

Wani abin da malamin nan ya gaya mini ya tsaya mini a rai. Ya ce da ma'ajinmu ya zo tun ƙabar tana shiga tana fita, da galibi allurar baya za a yi masa, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, yana farke a gama aiki. Ba bututu, ba allurar sakin jiki, ba ciwon maƙogwaro, kuɗin ma bai kai haka ba. Yawancin aikin haihuwa ma da allurar bayan a ke yi. Jiran girbi ne ya mai da ƙaramin aiki ya zama babba.

Washegari na koma na zauna da gwaggo a inuwar darbejiya, na zana mata bututu biyun nan a ƙasa da tsinke. Ta saurara, ta ce, "To Malam, na ba ka mako guda. In bai yi magana ba, ni da kai ne." A rana ta 5 ya sha kunu kofi biyu, ya tambayi ko an kai dawarsa rumbu. Ran taron wata, shi ya karanta mana lissafi, har na bayan ɗaki suna cewa ya rage murya.

'Yan'uwa, ina roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na gaba, mata da maza. A tambaya ko akwai mai ƙaba ko maƙoƙo da ke jiran a gama wani aiki tukuna. In akwai, ƙungiya ta ɗauke masa gonarsa na 'yan makonni, kamar yadda mu kan yi gayya, ya je a duba shi tun da sauran rana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ƙarfafa hannuwan masu jinyarsu.